Michigan da Ohio State: Lissafin Mutum 11 a Filin Ƙwallon Amurka

Duk ƙarshen Nuwamba, jami'o'in Michigan da Ohio State na Amurka suna haɗuwa a wasan da magoya bayansu ke ɗauka ya fi sauran wasannin shekara nauyi. Tun 1897 suka fara karawa, kuma daga 1918 ba su fasa ba sai a 2020, lokacin annobar korona. Filin Michigan da ke garin Ann Arbor yana cin mutum 107,601, na Ohio State da ke Columbus yana cin sama da 102,000, kuma karɓa-karɓa ake yi: shekara mai mara a Ann Arbor, mai cika a Columbus. Kafin kowace karawa masu sharhi kan cika kunnen jama'a da maganar "dabarar kai hari" da "dabarar tsaro", da wanda tsarinsa zai murƙushe na wani. Mai kallo da ya saba da ƙwallon ƙafa yakan ga ƙarti sun yi cincirindo sun faɗi, an busa usur, an sake jeruwa, ya rasa inda dabarar take. Tana nan, kuma kusan dukkanta lissafi ne na mutum 11.

Wane irin wasa ne

Abin da Amurkawa ke kira futbol ba shi ne ƙwallon ƙafa ba. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta a gudu ko a jefa ta, shuri kuwa sai jefi-jefi. Tsawon fili yadi 100 ne, yadin nan dai da ake auna atamfa da shi, sai ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, wato gidan ci. Wanda ya shiga gidan abokin hamayya da ƙwallo a hannu ya ci maki 6, abin da ake kira tacdawun, sannan a ba ƙungiyarsa damar ƙarin maki 1 ko 2. Shura ƙwallo ta wuce tsakanin sanduna biyu maki 3 ne.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama 4 ta ci gaba da yadi 10. In ta ci, a sake ba ta wasu 4. In ta ga ba za ta kai ba, a dama ta huɗu takan shura ƙwallon can nesa ta sallama wa abokan hamayya. Saboda haka kowace ƙungiya runduna biyu gare ta, ta hari da ta tsaro, kuma ba sa zama a fili lokaci ɗaya. Idan aka ce Michigan za ta kara da Ohio State, karawa biyu ake nufi: harin wannan da tsaron wancan, sannan a juya.

A rundunar hari akwai ƙarti 5 da ke jeruwa su zama katanga. Bayansu akwai kwatabak, wanda za a iya kira madugu, domin shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowace dama ya yanke abin da za a yi da ita. Sauran 5 ɗin ana raba su tsakanin 'yan gudu, masu karɓar ƙwallo daga hannun madugu su kutsa, da 'yan cafka, masu rugawa gaba a jefo musu. Rundunar tsaro kuma hawa uku ce: 'yan gaba masu dambarwa da katanga, 'yan tsakiya, da 'yan baya masu bin 'yan cafka. Cikin 'yan bayan akwai mutum biyu da ake kira sefti, waɗanda aikinsu gadin ƙofar baya ne. Inda waɗannan biyun suka tsaya kafin a fara kowace dama shi ke fallasa abin da kociyan tsaro yake tsoro.

Taura biyu ba ta taunuwa

Masu wasan suna kiran ƙaramin filin da ke gaban katanga "akwati". Idan mai tsaro ya cika akwatin da mutum 8, hanyar gudu ta toshe, domin masu tarewa ba su kai yawan masu kamawa ba. Amma ya bar mutum 3 kacal a baya, kowannensu shi kaɗai da ɗan cafkarsa, kuma kuskure ɗaya ya isa a ci shi daga tsakiyar fili. Idan ya ja sefti biyu baya don gudun wannan, akwati ya koma mutum 6 ko 7, sai 'yan gudu su riƙa yagar yadi 5, yadi 6, har su gaji da ci. Ba ya iya rufe ƙofofin biyu a lokaci guda, kuma duk sauran dabarun daga wannan ƙarancin suka tsiro.

Mai hari yana ƙoƙarin sa mai tsaro ya zaɓi ƙofa ɗaya, shi kuma ya bi ta ɗayar. Wata hanyar ita ce madugu ya yi kamar ya miƙa wa ɗan gudu ƙwallo, 'yan tsakiya su zabura gaba, sai ya jefa ta bayansu. Wata kuma sabuwa ce, ta yaɗu a wasan jami'o'i: madugu ya sa ƙwallo a cikin ɗan gudu bai saki ba, idonsa a kan mutum ɗaya daga cikin masu tsaro. In mutumin ya matso, ya zare ya jefa. In ya ja baya, ya saki. Dokar jami'o'i ta sauƙaƙa wannan, domin ta yarda 'yan katanga su yi gaba har yadi 3 a lokacin jifa, alhali a gasar ƙwararru yadi 1 ne kawai. Mai tsaro da ya ga katanga ta taso yakan ɗauka gudu ne, kuma a jami'a wannan zaton yana iya zama tarko.

Shi ma mai tsaro yana da zaɓi a hanyar gadi. Akwai gadin mutum-da-mutum, inda kowa ke manne wa ɗan cafka ɗaya duk inda ya nufa, akwai kuma gadin yanki, inda kowa ke tsare wani sashen fili ya kama duk wanda ya shigo. Akwai bilits, wato ƙara yawan masu afka wa madugu fiye da huɗun da aka saba, don a kayar da shi kafin ya jefa. Bilits caca ce, domin duk mutumin da aka tura gaba an cire shi ne daga baya.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa masana suka fi zuba ido kan ƙartin gaba, waɗanda mai kallo ba ya ko lura da su. Ƙungiyar da 'yan gabanta 4 za su iya toshe gudu kuma su takura wa madugu ba tare da an kawo musu ɗauki ba, ta kuɓuta daga wancan zaɓin. Tana da mutum 7 a baya kuma akwatinta bai yoye ba. Aikin nasu ya fi kama da kokawa: wanda ya fi ƙasa da ƙugu, ya riga sa hannu a ƙirjin ɗan'uwansa, shi ke tura wani baya.

Abin da wasannin baya suka nuna

A zamanin kociyoyi Woody Hayes na Ohio State da Bo Schembechler na Michigan, waɗanda suka kara sau 10 daga 1969 zuwa 1978, ƙungiyoyin biyu tafiyarsu ɗaya: gudu, ƙarfi, da ƙyamar jifa. Bambancin salo ya fito fili ne daga baya, musamman da Urban Meyer ya karɓi Ohio State a 2012 ya baza 'yan wasa a faɗin fili, ya ci Michigan sau 7 a jere. Magajinsa Ryan Day ya ƙara karkata ga jifa, jami'ar ta zama matattarar 'yan cafka mafiya gudu a ƙasar.

Wasan 2018 ya nuna iyakar gadin mutum-da-mutum. Michigan ta zo da tsaron da ya fi kowane a ƙasar hana yadi, a ƙarƙashin kociyan tsaro Don Brown, mai son bilits da mannewa. Ohio State ta riƙa sa 'yan cafkarta su ratsa fili a gicciye, daga wannan gefe zuwa wancan, masu gadi na binsu a baya suna karo da juna. Jifan gajere ne, gudun bayan cafka ne ke da tsawo. Ohio State ta ci 62 da 39. Shekarar da ta biyo baya ma ta ci 56 da 27, salon bai canza ba.

Jim Harbaugh, kociyan Michigan na lokacin, ya canza shi a 2021. Ya ɗauko Mike Macdonald daga gasar ƙwararru, wanda ya kawo tsaro mai ɓad da kama: a nuna wa madugu gadi iri ɗaya kafin a fara, a juye zuwa wani da zarar ƙwallo ta motsa. A wasan shekarar, cikin dusar ƙanƙara, C.J. Stroud, madugun Ohio State, ya yi jifan yadi 394, amma sai da ya yi ta tattarawa kaɗan-kaɗan, domin an rufe masa ƙofar baya. Aidan Hutchinson na Michigan ya kayar da shi sau 3, David Ojabo, haifaffen Nijeriya da ya girma a Sikotilan, yana matsa masa ta ɗaya gefen. A ɓangaren hari Michigan ta yi gudun yadi 297, Hassan Haskins shi kaɗai ya ci tacdawun 5. Aka tashi 42 da 27, nasarar Michigan ta farko tun 2011.

Wasan 2022 shi ne ya fi koyarwa, domin ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi maganin ciwon bara fiye da kima. Ohio State ta ɗauko kociyan tsaro Jim Knowles don kada a sake tattake ta. Ya cika akwati, ya matso da 'yan baya, kuma a rabin farko ya toshe gudun Michigan kamar yadda ya yi niyya. Sai madugun Michigan J.J. McCarthy ya jefa ta saman kawunansu: Cornelius Johnson ya ci daga yadi 69, ya sake ci daga yadi 75, Colston Loveland ya ci daga yadi 45. A ƙarshen wasa, da Ohio State ta ƙara matsowa don ƙwato ƙwallo, ɗan gudun Michigan Donovan Edwards ya ɓalle sau biyu, yadi 75 da yadi 85, domin duk wanda ya keta sahun farko ba ya tarar da kowa a bayansa. Aka tashi 45 da 23, karon farko da Michigan ta yi nasara a Columbus tun 2000. A mafi yawan damammakin wasan tsaron Knowles ya yi aikinsa. Guda 5 ne suka kashe shi.

A 2024 kuma lissafin ya fito ta ɗaya fuskar. Michigan ta zo da nasara 6 da rashin nasara 5, ba ta da madugun kirki, babban mai gadinta Will Johnson yana jinya. Ohio State ce ta biyu a ƙasar, tana da 'yan cafka Jeremiah Smith da Emeka Egbuka. Abin da Michigan ke da shi ƙarti biyu ne a tsakiyar sahun gaba, Mason Graham da Kenneth Grant. Su biyun suka toshe tsakiya, abin da ya ba Wink Martindale, kociyan tsaron Michigan na lokacin, damar ajiye sauran mutanensa a baya. Ohio State ta ga akwati ba cike ba, lissafi ya ce a yi gudu, ta yi ta gudu cikin bango, ta tashi da yadi 77. Ta zubar da shuri biyu, an sace mata jifa biyu. Michigan, da jifan yadi 62 kacal, ta ci 13 da 10. A 2025 Ohio State ta rama a Ann Arbor da 27 da 9, ba ta bar Michigan ta shiga gidanta ko sau ɗaya ba.

Gardamar gudu

Akwai ƙididdigar da ake maimaitawa duk shekara: daga 2001 zuwa 2024, ƙungiyar da ta fi yawan yadin gudu ita ta ci kowane wasa tsakaninsu. Wani ɓangare na masu sharhi, galibi tsofaffin 'yan wasa, suna ɗaukar wannan a matsayin hujja cewa ƙarfi ne ke yanke hukunci, kuma duk wanda ke son nasara ya dage da gudu ko da bai ga riba da wuri ba, domin katanga tana gajiyar da masu tsaro, abin da aka shuka a zubi na farko a zubi na huɗu, wato na ƙarshen wasa, ake girbe shi.

Masu nazarin alƙaluma suna ganin an juya sababi da sakamako. Wanda ke gaba da maki shi ke yawaita gudu don agogo ya ci, wanda ke baya kuma dole ya jefa. Ƙari ga haka, a lissafin jami'o'i idan aka kayar da madugu, yadin da ya yi asara daga jimillar gudu ake cirewa. Ƙungiyar da ke bin bashi tana yawan jifa, ana yawan kayar da madugunta, adadin gudunta na raguwa ba tare da ɗan gudu ya taɓa ƙwallo ba. Kuma gudun Edwards biyu na 2022, yadi 160 a haɗe, sun zo ne bayan jifa ya riga ya sa Michigan gaba.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, amma ba ta rushe ta farko gaba ɗaya ba. Ƙididdigar tana auna wani abu na gaske, sai dai sunan da aka ba shi ne bai dace ba. Wanda ya fi ƙarfi a sahun gaba zai yi gudu da kyau, zai hana gudu, zai kāre madugunsa, zai kayar da na wani, kuma duk wannan zai bayyana a adadin yadin gudu. Alama ce ta wanda ya mallaki sahun gaba. Kociyan da ya ɗauki alamar a matsayin magani, ya ce sai ya yi gudu don ƙididdiga ta ce haka, yana iya faɗawa ramin da Ohio State ta faɗa a 2024. Ra'ayin da ya fi yawa bayan wancan wasa shi ne ƙungiyar ta shagala da nuna cewa ita ma tana da ƙarfi, ta bar makaminta mafi kaifi a kube. Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan ra'ayi: a gasar fidda gwani ta saki jifa, ta ci wasa 4 a jere, ta doke Notre Dame 34 da 23 ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025.

Agogo, sanyi da sigina

Wasu abubuwa na gefe suna karkatar da lissafin. Daga 2023 an daina tsayar da agogo duk lokacin da ƙungiya ta ci yadi 10, sai a minti 2 na ƙarshen kowane rabi. Wannan ya rage yawan lokutan da kowace ƙungiya ke riƙe ƙwallo, kuma ƙarancin damammaki riba ce ga mai rauni, domin mai ƙarfi yana bukatar lokaci kafin fifikonsa ya bayyana. Sanyin ƙarshen Nuwamba ma yana da tasiri, iska da dusar ƙanƙara suna wahalar da jifa da shuri. Mafi tsananin misali shi ne wasan 1950, inda Michigan ta ci 9 da 3 cikin guguwar ƙanƙara ba tare da ta kammala jifa ko ɗaya ba.

Sai batun sigina. Shekaru da yawa kociyoyin jami'o'i da hannu da alluna suke aika umarni daga bakin fili. A 2023 aka zargi wani ma'aikacin Michigan, Connor Stalions, da shirya leƙen siginar abokan hamayya ta hanyar da doka ta hana, har aka dakatar da Harbaugh wasa 3, ciki har da na Ohio State da Michigan ta ci 30 da 24. Har yau magoya bayan ɓangarorin biyu ba su daidaita kan yawan amfanin da leƙen ya yi ba. Daga 2024 an yarda a sa rediyo a hular ɗan wasa ɗaya na kowace runduna, ana katse shi idan saura daƙiƙa 15 a fara dama. Tsaro mai ɓad da kama yakan jira a katse rediyon kafin ya motsa, madugu ya rage shi kaɗai da idonsa.

Abin da zai raba gardama a karawa mai zuwa

Sunayen 'yan wasa suna canzawa da sauri, domin ɗan jami'a kaka 4 yake bugawa a bisa ƙa'ida, ga kuma sauya sheƙa da ta zama ruwan dare. Tambayoyin ne ba sa canzawa. Lokacin da Ohio State ke da ƙwallo, abin dubawa shi ne ko Michigan za ta iya tsayar da gudu da mutum 6 ko 7. In ta iya, sefti biyu za su zauna a baya, 'yan cafkar Ohio State su koma cin ƙananan yadi, wasa ya yi tsawo da ƙarancin maki, kuma irin wannan wasan Michigan ke so. In ba ta iya ba, sai ta sauko da sefti ɗaya, wani daga cikin masu gadinta ya rage shi kaɗai da mutumin da ya fi shi gudu.

Lokacin da Michigan ke da ƙwallo, tambayar tana kan madugunta. Ohio State za ta so ta cika akwati ta ce masa ya jefa in ya isa. McCarthy ya isa a 2022. Madugun da bai nuna zai iya hukunta wannan ba tun a zubi na farko, zai tarar da mutum 8 a gabansa har a tashi, kuma dama ta uku za ta riƙa samunsa da saura yadi 8 ko 9, inda masu tsaro suka san jifa ce kawai ta rage, su saki ƙartinsu a kansa.

Ci gaba da yadi 4 ko fiye a dama ta farko shi ke barin ƙofofin biyu a buɗe ga mai hari. Kusa da gidan ci kuwa, cikin yadi 20 na ƙarshe, fili yana tsukewa, ƙofar baya ta rufe kanta, sefti su matso ba tare da fargaba ba, fifikon mai jifa ya ragu. A nan ake gane ko tafiyar yadi 70 za ta haifi maki 7 ko 3. A 2021 Ohio State ta kai can sau biyu a rabin farko ta dawo da maki 3 kowane karo, yayin da Michigan duk makinta 42 daga tacdawun 6 suka fito.